Ciyayin da ke Gindin Zanen Malam Tak

Pyo Sun-ok ta yi shekara ashirin da shida tana ganin zane ta baya. A shagon mijinta da ke Jeonju, aikinta shi ne ta kifar da zanen buroshi da mutane suka kawo a kan tebur, ta shafa gam, ta liƙa masa takarda mai ƙarfi, ta yi masa baki da siliki. Da mijin ya rasu, ɗansu ya karɓi shagon, ita kuma tana da shekara hamsin da huɗu ta koma jami'a don ta koyi yadda ake magana a kan zane ta gaba.

A mako na uku Farfesa Namgung ya raba aikin sharhi. Kowane ɗalibi ya sami zanen wani da ya mutu shekaru ɗari biyu ko uku da suka wuce, wanda babu mai yin fushi dominsa. Da ya zo kanta, bai ko ɗaga kai daga takardarsa ba.

"Malama Pyo, ke za ki ɗauki zanen kwale-kwalen da ke ƙasa, a ɗakin baje koli. Na marigayi Malam Tak."

Malam Tak ne ya kafa sashen nazarin zane, kuma rabin malaman da ke koyarwa a nan, har da Namgung, a hannunsa suka tashi.

Da aka tashi, Da-som, yarinyar da ke zama kusa da ita, ta ja ta zuwa gidan abincin da ke bakin ƙofa. Sai da aka ajiye musu miyar tsiron wake da shinkafa sannan ta buɗe baki.

"Goggo, me kika yi masa?"

"Ni? Gaisuwa kawai ke haɗa mu."

"To rami ya haƙa miki. Ki yaba, ya ce ba ki iya sharhi ba. Ki kushe, kin zagi ubangidansu. Bara ma haka aka yi wa wani, yanzu yana sayar da inshora."

Sun-ok ta yi dariya, sannan ta ajiye cokalinta. Tun ranar farko ta lura da yadda Farfesan ke kallon hannuwanta masu kaushi. Wataƙila so yake ya nuna wa mai shafa gam cewa ta yi ɓatan hanya.

Ta zaɓi yabo, don shi ne ya fi kama da tsira. Shafi biyar ta cika da girman marigayi, da zurfin ruhinsa, da yadda kwale-kwalen ke nuna kaɗaicin ɗan Adam. Bayan kwana huɗu takardar ta dawo ja-wur. A saman shafin farko an rubuta: Kin je kin ga zanen kuwa?

Ta tare shi a baranda. "Farfesa, na je."

"Minti nawa?"

Ta dubi takardar da ke hannunta.

"Wannan jawabin ta'aziyya ne," ya ce. "Ki fara da abin da ke kan takardar, kamar kina gaya wa makaho. Sannan yadda aka yi shi. Ma'ana ta biyo baya. Hukuncinki shi ne na ƙarshe, kuma duk jimlar da ba za ki iya ɗora yatsa a kan zanen ki ce ga ta ba, ki cire ta."

Ya wuce abinsa. Ta bi bayansa da kallo tana neman inda tarkon yake a cikin maganar, ba ta gano ba.

Kwana uku ta yi tana zama a bencin ɗakin baje kolin. Ranar farko ta rubuta abin da kowa zai gani: kwale-kwale ɗaya babu kowa a ciki, dutse can nesa cikin hazo, ruwa wanda ba a zana ba, farar takardar kawai aka bari, sai ciyayin bakin ruwa a gindi ta hagu. Rana ta biyu ta zo da gilashin ƙara girma na shago. Rana ta uku ta daina rubutu, ta tsaya a gaban ciyayin har ƙafarta ta yi sanyi.

Tawadar ciyayin ba irin ta sauran ba ce. Ta dutsen ta shiga takarda ta zauna, ta ciyayin kuwa tana kwance a sama, alamar an sa ta bayan takardar ta daɗe da bushewa, wataƙila ma bayan an liƙa mata baya. Kuma kowane kara ya faro da nauyi daga inda buroshin mai hannun dama ba ya farawa. Zane dubbai sun bi ta teburinta. Ta san aikin bahago.

Malam Tak ba bahago ba ne, duk hotunansa sun nuna. Ta koma aji da wannan a ranta, ta zauna, sai ga Farfesa Namgung yana gyara takardar wani ɗalibi da jan biro a hannun hagu. Sati shida tana kallon mutumin nan ba ta lura ba.

"Kada ki kuskura," in ji Da-som da ta ji labarin. Ta rage murya duk da babu kowa a kusa. "Goggo, ki yi tunani. Me ya sa ke? Ya san aikinki na da. Gwada ki yake ya ga ko idon ɗan sana'a zai iya kamawa. In kin kama, ya san yadda zai yi da ke kafin ki kai ko'ina."

"Ko kuma so yake a faɗa, shi ba zai iya ba."

"Sai ya sa ki a gaba ki sha dukan? Wannan ai ya fi muni."

Sun-ok ta rubuta sharhi na biyu a teburin shago, ɗanta yana aiki a ɗaya gefen. Ta bayyana kwale-kwalen da ruwan, ta kawo maganar tawada da hannun hagu. A ƙarshe ta ƙara jimla ɗaya da ta goge sau uku tana mayarwa: wanda ya yi ciyayin nan na kusa da marigayi ne, kuma ba sai an yi nisa wajen nemansa ba.

Wannan karon takardar ba ta dawo ta aji ba. Sakatariya ce ta ce ana kiranta ofis.

Ya nuna mata kujera, ya rufe ƙofa, ya zuba mata shayin sha'ir. Ba ta taɓa kofin ba. Takardarta na gabansa, kuma abin mamaki shafi uku na farko babu jan biro ko ɗaya.

"Wannan na tawada," ya ce, "a ina kika karanta?"

"Ban karanta ba. Hannuna ya sani."

"To ki rubuta yadda hannunki ya sani, don wanda ba shi da irin hannun ya bi ki." Ya juya zuwa shafin ƙarshe ya ɗora biro a kan jimlar. "Wannan fa? A wane lungu na zanen aka rubuta suna?"

Ta dubi hannun da ke riƙe da biron. Ya ga inda take kallo.

Ya jawo wata takarda, ya jiƙa buroshi, ya kama shi da hannun dama, ya ja kara uku na ciyawa, a tsaye, ba gargada. Ya tura mata.

"Ina da shekara goma sha bakwai Malam ya ce ba ya koyar da bahago. Wata shida hannuna na hagu yana cikin aljihu. Rubutu da cin abinci kawai ya bar mini."

Kunya ta kama ta, amma ba ta daɗe ba. Mutumin da ya iya da dama bai manta hagu ba, kuma buroshin nan da tawadar a shirye ta same su a kan tebur, kamar an san za a buƙace su.

"To wane ne, Farfesa?"

"Shekara talatin ina da sunaye uku a kaina. Ba ni da hujja a kan ko ɗaya, shi ya sa ba ki taɓa ganin na rubuta ba." Ya ja layi a kan jimlar. "Kin tsaya farautar mutum kin bar aikinki. Ciyayin nan, gyara zanen suka yi ko ɓata shi?"

Ta auna ko wannan ne ramin, sannan ta amsa.

"Ɓata shi suka yi. Malam ya bar ruwan fili don ido ya huta. Wanda ya zo daga baya ya ji tsoron filin, ya cika shi. Hannu ne mai kyau, amma matsoraci."

Fuskar Namgung ba ta motsa ba. Ta so ƙwarai ta ga ko kalmar ta taɓa shi. Ya dai ɗauki kofinsa ya kurɓa.

"Ki rubuta haka. Ki cire matsoraci, sai in za ki nuna mini tsoron a jikin karan."

Ta koma gaban zanen ta nemo tsoron: wurare huɗu inda buroshin ya tsaya a tsakiyar kara sannan ya ci gaba. Ta bar kalmar.

Ranar gabatarwa, Farfesa Gu, shugaban sashe kuma babban ɗalibin marigayi, ya shigo ya zauna a baya ba tare da an gayyace shi ba. Da-som ta taka mata ƙafa a ƙarƙashin tebur. Sun-ok ta karanta shafukanta shida da murya ɗaya, ba ta ɗaga kai ba sai da ta gama.

"Malama," in ji Gu a hankali, "wa ya gaya miki wannan?"

"Babu kowa, Farfesa. Zanen yana ƙasa, in za a sauka sai in nuna."

Ba ta zaci zai tashi ba, sai ga shi ya tashi. Ajin duka ya bi su. Ta miƙa masa gilashinta, ya sunkuya a gaban ciyayin, ya daɗe har ɗalibai suka fara kallon juna. Da ya miƙe ya mayar mata da gilashin da hannu biyu, ya dubi Namgung, Namgung ya dubi bango. Sai Gu ya fita.

Ta sami maki mai kyau, ba mafi kyau ba, da gargaɗin cewa ba ta iya jera sunayen littattafan da ta duba ba. Bayan mako biyu aka sauke zanen, aka liƙa 'yar takarda a wurin cewa an kai shi gyara. Ta tambayi sakatariya wa ya ba da umarni, ta ce daga sama ne. Ta tambayi shaguna uku na liƙa wa zane baya da suka rage a garin, duk ta san masu su, babu wanda aka kai wa.

Da-som ta ce Gu ne ya yi ciyayin. Washegari ta ce a'a, Namgung ne, ya yi amfani da Goggo ya wanke kansa a gaban mutane. Sun-ok ba ta goyi bayan ko ɗaya ba. Da lokacin rajistar zango na biyu ya zo, ta ga ajin Namgung a jerin, ta yi kwana biyu tana juya abin, sannan ta sa sunanta, ta zaɓi kujerar gaba inda za ta riƙa ganinsa da kyau.