Faifan Kulob Ɗin Reluwe

Malama Regina ta sake rera muryar wata waƙa a karo na uku, tana ƙwanƙwasa jakarta da yatsu, Malam Arzika kuwa ya karkata kai yana saurare da sukundireba a hannu. Rumfarsa ta gyaran rediyo tana ƙarshen layin 'yan atamfa a kasuwar Kafanchan, ɓangaren da Regina ba ta taka ba tun rikicin tamanin da bakwai, shekara shida ke nan. Ba ta san sunan waƙar ba, balle mawaƙin. Ta dai tuna kakaki ne ke buɗe ta, jita ta biyo baya, kuma ana sa ta kowace Asabar a kulob ɗin reluwe lokacin tana ɗalibar kwalejin malamai. Arzika ne mai sa faifai a wurin a wancan zamani, yana saurayi mai tsukakken wando. Yanzu gemu ya yi fari.

Ta gaya masa abin da ya kawo ta. Mijinta Simon, tsohon direban jirgin ƙasa, ya samu shanyewar ɓarin jiki bayan Ista. Likita ya ce ƙafar za ta dawo idan yana takawa, amma mutumin ya kafe a kujera wata huɗu, ko ƙofar gida ba ya leƙawa. Fasto ya zo ya yi addu'a, zumuntar mata sun zo sun yi waƙa har muryarsu ta dushe, bai motsa ba. Shi ne ta ce bari ta nemo waƙar da suka fara rawa da ita.

"Simon ɗin da ke share fili da takalmi?" Arzika ya tambaya. "Zauna, Malama."

Ya jawo wani akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin benci, cike da faifai a yagaggun takardu. Na farko ba shi ba ne, na biyu ya tsage. Allura na sauka a kan na biyar kakakin ya tashi. Nan take Regina ta ga kanta cikin siket mai ɗigo-ɗigo, ta ji ƙamshin hoda da na gyaɗa soyayya, har da kukan jirgin Jos yana shigowa tasha ana tsakiyar rawa. Kafin ta ankara ta ajiye jaka. Shugabar makarantar firamare guda, mai jikoki uku, tana juyi a bakin rumfa, Asibi mai atamfa tana tafa mata, Arzika yana buga sukundireba a tebur yana dariya har da hawaye. Ya ɗaukar mata waƙar a kaset, ya ce ta gaida Simon, ta faɗa masa mai faifai yana nan da ransa.

Da la'asar ta isa gida. Ta ajiye rikoda kusa da kujerarsa ta danna. Simon ya ɗago kai. Yatsun ƙafarsa mai lafiya suka fara motsi a kan siminti, ita kuma ta tsaya a bakin ƙofa tana kallonsa. Sai da waƙar ta kai rabi ya yi magana, a hankali, yadda bakinsa ke bari.

"Maman Jacinta, wannan ai ba tamu ba ce."

Ta ce tasu ce mana. Ya girgiza kai. Wannan, in ji shi, da Clara ya taka ta, wata nas 'yar Manchok, ita Regina tana zaune a benci tana hararsu. Tasu ta fi sanyi, kuma da ganga take farawa.

Regina ta kama ƙugu. Shekara talatin tana rera wannan waƙa a kicin, ashe ta Clara ce! Ta shiga masifa, shi kuwa dariya ta kama shi da rabin baki, kafaɗarsa tana rawa. Rabonta da jin dariyar nan tun kafin Ista. Ta ce to ya rera tasun ta ji. Ya gwada, harshe ya ƙi. Sai ya tambaya ko Arzika yana da sauran faifan. Ta ce akwati guda, amma ita ta gama yawon nemo wa Clara waƙa. Mai so ya je da ƙafarsa.

Simon ya dubi ƙafar tasa.

"Miƙo mini sandar can," ya ce. "Ki kuma goge mini farar rigata. Ba zan je wurin Arzika a haka ba."

Ta miƙa masa sandar, ta wuce ta hura gawayin guga.