Baƙin Keken da Chindo Ya Zaɓa

Chindo ya kama keken da hannu ɗaya ya ɗaga sama, sai ya ji kamar ya ɗauki kwandon da ba kome ciki. Ya dire shi, ya taɓe baki.

"Wannan ai gwangwani ne," in ji shi.

Habu mai kekunan gwanjo, wanda rumfarsa ke bakin kasuwar Gidan Rumji, ya yi dariya ya ce a dai duba tukuna. Koren keke ne mai ƙatuwar taya, ga giyar canja gudu, ga sifirin a ƙafar gaba. Habu ya yi ta zuba bayani, wai irinsa Turawa ke hawa tudu da shi su gangaro, rairayi ba ya riƙe shi, birkinsa na kamawa ko a gangare. Ya kuma nuna ƙarfen tsakiya da ya sunkuya ƙasa, yadda mace da zanenta za ta hau ba sai ta wurga ƙafa ba.

Irinsa kuwa Hafiza ta roƙa. Ita ce ɗiyar Chindo ta fari, ita kaɗai ce yarinyar da ta ci jarrabawar shiga kwaleji a ƙauyensu bana. Kwalejin na can gefen Cadakori, tafiya mai nisa cikin jigawa, sannan a gangara kwari a sake haurawa. Ƙarfe takwas ake rufe ƙofa, kuma tun ranar farko direkta, shugaban kwalejin, ya faɗa wa iyaye cewa wanda ya mai da latti sana'a za a soke sunansa. Shi ya sa Chindo ya sayar da waken da ya noma. Da zai fito da safe Hafiza ta biyo shi har zaure, tana murza gefen hijabi, ta ce in da hali mai ƙatuwar taya take so.

To, amma Chindo mutum ne da ba a koya masa sayen ƙarfe. A gidansu da hannu ake auna shi. Hauya, galma, gatari, duk haka mahaifinsa ke jinjina su a gaban maƙera, wanda ya fi nauyi shi ne na ƙwarai, marar nauyi kuwa algus ne. Don haka ya matsa can ƙuryar rumfa inda wani baƙin keke ke jingine, irin na da, dogo, mai siririyar taya da miƙaƙƙen ƙarfe a tsakiya. Ya ɗaga, sai da jijiyar wuyansa ta tashi. Nan fuskarsa ta washe.

Akwai kuma abin da bai faɗa ba, ni zan faɗa. Idonsa na kan kariyar baya. Ranar da ba lakol, Hafiza ba ta zuwa karatu, buhun gero zai zauna a kanta daram.

"Baba, yarinya ce fa za ta hau," Habu ya ce.

"Kai ka haife ta?"

Habu ya ƙara wa tayoyin iska, ya tuna masa cewa abin da ya bar rumfa ba ya dawowa. Chindo ya ce shi bai taɓa mai da kaya ba tun da yake.

Da ya iso gida, Hafiza ta durƙusa har ƙasa ta yi godiya. Uwarta Baturiya ta dubi ƙarfen tsakiya, ta dubi tsawon ɗiyarta, ta dubi mijinta, ta ce Allah ya sa alheri, ta koma bakin turmi.

Kullum da safe Hafiza na gama ɗebo ruwa sai ta fita da keken tana turawa. Wannan bai dami kowa ba, don wace yarinya mai kunya za ta haye keke a gaban dattawan da ke zaune ƙofar masallaci? Ai sai ta wuce gidan ƙarshe. Da yamma in Chindo ya tambayi keke, ta ce lafiya lau. Shi kuwa har ya fara cika baki a majalisa, wai ya saya wa ɗiyarsa abin da jikokinta za su gada.

Rana ta tara ya tashi zuwa Cadakori neman maganin awaki. Hantsi ya fito lokacin da ya bar gari. Ga layin taya a rairayi, siriri, ya nutse sosai, ga sawun silifa ƙanana a hagunsa. Ya yi murmushi, yana jiran ya ga inda sawun zai ɓace.

Ya wuce gidan ƙarshe, ya wuce rijiyar makiyaya, sawun na nan. Chindo ya sha bin sawun akuya da ta ɓace, ya san na jiya, ya san na yau. Waɗannan na kwana da kwanaki ne, wasu bisa wasu, masu zuwa da masu dawowa, duk manne da layin taya. A bakin gangaren ya tarar da wuri guda da ƙafa ta ɗauke, layin taya ya tafi shi kaɗai kamar taki goma, ya karkace, sai rairayi a tumurmushe gindin wata ƙaya. Daga nan ba ta sake gwadawa ba.

Wallahi ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba, shi kaɗai a daji ba mai kallonsa. Ashe yarinyar nan da ƙafa take zuwa kamar da, sai dai yanzu ya ƙara mata kaya. Ya tuna fuskar Habu, ya tuna shirun Baturiya. Waken ya tafi, rumfa ba ta karɓar kaya, sai wata kakar in da rai. Maganin awaki ya fita ransa, ya ci gaba da bin sawun.

A ƙofar kwaleji ya same ta. An rufe, muryar malami na fitowa daga aji. Tana zaune gindin itacen bedi, littafi a cinya, tana ƙoƙarin rubuta abin da kunnenta ya tsinto. Keken na jingine, ta goge shi fes. Da ta gan shi ta zabura ta durƙusa, tana jan zane kan wani ɓawon ciwo a idon sawunta.

Ya tambaye ta sau nawa ke nan. Ta ce shida. Ya tambayi me direkta ya ce. Ta ce an ce ta zo da mahaifinta tun shekaranjiya.

"Me ya hana ki faɗa mini?"



"Na ji kana ba su Baba Liman labarin keken a majalisa," ta ce. "Kana ta murna."

Chindo ya dubi ƙofar, ya tambayi yaushe ake buɗewa. Ta ce sai ƙarfe goma, in an fito hutu. Ya tattare rigarsa, ya zauna a ƙasa kusa da ita, ya ce ta ci gaba da rubutunta.