Maigadin Waris Ya Zagi Mma Awabu

Buhun shinkafar da ƙungiya ta aika wa Mma Awabu na azumi, shi ne ya dawo unguwar Maamobi a kan wata kayayo, 'yar dakon kaya, bakinsa a ɗinke yadda ya tafi. Bayan kayayon ga jikar Mma, Ruhaina, cikin kayan makarantar nas, fuska a murtuke kamar wadda direban tirotiro, motar haya, ya watsa wa ruwan kwata.

Waris na zaune a ofis yana fama da koko da ƙosai. In an ce ofis kar ka ɗauka wani abu ne, ɗaki ɗaya ne a saman shagon Alhaji Sulemana, shugaban Ƙungiyar Zumuncin 'Yan Maamobi. Tebur, fanka mai kukan akuya, sai wata tsohuwar kwamfuta a ƙarƙashin tebur da wani ɗan ƙungiya ya aiko daga Jamus. Wannan kwamfutar ita ce sarautar Waris. Shi ya ce wa dattawa ba sai ana biyan Turawa duk wata ba, zai kafa musu gidan imel nasu na kansu, da sunansu. Ya kuwa kafa. Tun daga nan ba a shan iska da shi a unguwa. Shi ne ma ya kawo dokar cewa duk mai neman taimako ya rubuto ta imel, don 'yan kwamitin da ke Turai su gani lokaci guda.

Yana ganin Ruhaina ya goge baki.

"A'a, likita bokan Turai! Allura kika kawo mana ko shinkafa?"

Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta durƙusa ta gaida Alhaji, gaisuwar da ba gishiri, sannan ta ce, "Baba, Mma ta ce a kawo muku kayanku. Ta ce ta gode, ta ji saƙo."

Alhaji ya cire tabarau. "Wane saƙo, 'yata?"

Ruhaina ta ba da labari a tsaye. Yanar ido ta rufe wa Mma ido biyu, asibiti sun ce sai aiki. Mma kuwa, matar da ta karɓi haihuwar rabin Maamobi kafin ƙafa ta gaza ta koma wurin 'yarta a unguwar Madina, ba ta taɓa buɗe baki ta roƙi ko ashana ba. Sai da aka yi ta lallashinta, aka ce mata yanzu ba sai ta je gaban kowa ba, rubutu za a yi a waya, ba mai ganin fuskarta. Da haka ta yarda. Ruhaina ta rubuta da Turancin makaranta, ta aika wa shugaba. Ko ajiye wayar ba ta yi ba amsa ta shigo.

"Turancin da ke sama ban gane kansa ba," in ji ta. "Amma na ƙasan Hausa ne, kuma Mma ta rantse sai na karanta mata."

Ta miƙa wayar. Alhaji ya karanta a fili, da yake shi bai iya karatu a zuci ba:

"Ku ɓarayi, mabarata marasa kunya! Nan Maamobi ne, mun fi ku wayo. Ku je ku nemi aikin yi, ku daina zubar da mutuncin iyayen da suka haife ku."

Ƙosan da ke bakin Waris ya ƙi wucewa, ya ƙi dawowa.

Bari in gaya maka yadda abin yake. Duk wanda ya buɗe gidan imel, kafin ya sami baƙo ɗaya na kirki sai 'yan damfara sun cika masa ƙofa: wannan mijinta janar ne ya mutu ya bar zinariya, wancan yana sayar da maganin ƙarfi, wani ya ce ka ci cacar da ba ka shiga ba. Bola kenan. Don haka Waris ya sa wa gidan nasa matatar saƙonni, yana ce mata Maigadi. Maigadi na shinshina kowane saƙo, yana ba shi maki. In makin ya yi yawa, ba ya barin saƙon ya shigo ma, daga ƙofa zai mayar da shi, da ɗan layi ɗaya na dalili. Masu hankali suna barin layin nan yadda ya zo, da Turancinsa mai sanyi. Waris kuwa ya ga fili. Wa zai karanta? Ai injuna ne ke aiko da bolar. Ya zauna ya tsara zaginsa, ya kai wa abokai a majalisar shayi, aka yi ta dariya har wani ya ƙware.

"Innalillahi," in ji Alhaji. Ya ajiye wayar. "Ni? Ni zan ce wa Mma haka? Matar da ta wanke min 'ya'yana duka? Waris! Zo nan. Ko 'yan sakawa ne, masu damfarar intanet, suka shiga mana?"

Ka ji ƙofa a buɗe, Alhaji da kansa ya buɗe masa. Waris, wanda bakinsa bai taɓa jiran kansa ba, ya ji yana cewa, "Zai yiwu, Alhaji. Yaran nan ba abin da ba sa yi. Zan bincika."

"Ku bincika," in ji Ruhaina. "Ita dai Mma ta ce ɗan sakawa bai san ta ba balle ya zage ta. Ta ce sunan shugaba aka rubuta, daga wurin shugaba amsa ta fito. Ta ce ko makancewa za ta yi, ba da kuɗin Maamobi za a taɓa idonta ba, kuma ranar da ta mutu kar wani ɗan ƙungiya ya ɗauki makararta."

Ta sauka. Alhaji ya zauna ya dafe kai.

Waris ya juya wajen kwamfuta kamar mai bincike. Ba wani bincike, ya san inda zai duba. Ga saƙon nan a jerin waɗanda aka kora. "Cikin gaggawa," Maigadi ya ba shi maki. "Tsohuwa mara lafiya," ya ƙara. "Asibiti," "taimako," "Allah zai saka muku," duk ya ƙara. Adireshin baƙo ne kuma, bai taɓa rubutowa ba. Maigadi bai yi kuskure ba, abin da aka koya masa ya yi: mai gaskiya da maƙaryaci da baki ɗaya suke roƙo.

Sai labarin da uwarsa Hawawu ke bayarwa duk damina ya faɗo masa. Ranar da aka haife shi ruwa ya cika babbar kwatar Nima, mota ba ta shiga ba ta fita, shi kuma ya taho da ƙafa maimakon kai. Mma Awabu ce ta ratsa ruwa har ƙugu, ta juya shi da hannunta. Kullum in an zo nan Waris kan ce, "Ai tun a ciki nake sauri." Yau ya nemi abin dariyar ya rasa.

"Alhaji," ya ce, bai juyo ba. "Ba wanda ya shiga mana. Ni na rubuta."

Ya jira tsawa. Da tsawar aka yi da ya ji sauƙi. Alhaji ya dube shi kawai, ya daɗe, sannan ya nuna buhun da haɓa.

"Ɗauki. A kanka. Ban ce ka kira kayayo ba."

Haka injiniyan Maamobi ya fito da buhu a ka, farar rigarsa na shan ƙura. Dole kuma hanyar tasha ta gaban majalisarsu ta bi.

"Cale, abokina! Waris! Intanet ta ƙare ne?"

"Kayayo, zo nan, akwai doya!"

"Nawa zuwa Kokomlemle?"

Waris da ba a taɓa jefa masa magana ta faɗi ƙasa ba, ya wuce kamar kurma. A tirotiro kwandasta ya caje shi kuɗin kujera biyu, bai ko yi ciniki ba.

A Madina ya tarar da Mma a tsakar gida kan tabarma, tana tsinke zogale da lalube. Idanun sun yi fari. Ruhaina ta gan shi, ta naɗe hannu ta jingina da bango. Ya sauke buhu, ya cire takalmi, ya durƙusa nesa.

"Wane ne ke haki kamar rago?" in ji Mma.

"Waris ne, Mma. Ɗan Hawawu."

"Mai tahowa da ƙafa. Sulemana ne ya aiko ka?"

"Mma, Alhaji bai san komai ba. Saƙonki ko ganinsa bai yi ba. Ni ne."

Ya shiga bayani, bakin nan da ke zuba kamar famfo yau sai ɗigo yake. Ya yi maganar bola, ya yi maganar Maigadi, ya ce inji ne ke amsawa, ba mutum ba.

"Injin Bahaushe ne?"

"A'a, Mma."

"To wa ya koya masa?"

Waris ya sunkuyar da kai.

"Matso." Ya matso. Ta laluba ta kama kunnensa, ba ta ja ba, riƙewa kawai ta yi. "Faɗa min da bakinka. Yadda ka rubuta. Na ji da muryar Ruhaina, ita kuwa kuka take, ban ji daɗinsa ba."

"Mma, don Allah..."

"Ai na ji an ce kai ne mai ba Maamobi dariya. Ba ni."

Ya buɗe baki. "Ku ɓa..." Nan ya tsaya. Gumi ya gangaro masa ta hanci ya ɗiga a tabarma. Da ƙasar Madina za ta tsage da ya gode mata.

Mma ta saki kunnen. "Ni kaɗai ce mai gaskiyar da ya kora?"

Wannan tambayar bai taɓa yi wa kansa ba. Ya tuna jerin nan mai tsawo da bai taɓa buɗewa ba, sai dai ya nuna wa abokai yawansa yana taƙama.

"Ban sani ba, Mma."

"Ba ka sani ba." Ta koma kan zogalenta. "Ni ina da jika mai ƙafa da baki. Wata ta ji, ta haɗiye, ta kwanta."

"Zan gyara yanzu-yanzu, daga wayata ma zan iya. Zan sa Ruhaina cikin 'yan gida, Maigadi ba zai ƙara tare ta ba."

"Kar ka sa. Bar ni a baƙuwata. Ina so in ji abin da zai ce wa wanda bai sani ba. Goge wancan, ka rubuta abin da zan faɗa."

Ya ciro waya.

"Rubuta: Salamu alaikum. Saƙonku bai shiga ba, ku yi haƙuri. In mutum ne, ga lamba, ku kira, za a saurare ku." Ta ɗaga kai. "Ka sa lambarka. Ba ta Sulemana ba."

"Mma, 'yan damfara fa za su..."

"Su kira. Ka gaishe su. Kai ma ai wani ya haife ka."

Ya sa. Mma ta ce wa Ruhaina ta sake aika saƙon nan, kar ta canza ko harafi. Ruhaina ta aika. Nan take wayarta ta yi ƙara, Maigadi ya sake korowa. Ta karanta sabon layin a fili, a hankali, har lambar.

"To, kira," in ji Mma.

"Mma, ga shi nan fa a gabanki."

"An ce a kira."

Wayar Waris ta ɗauki kiɗa a hannunsa, wani kiɗan rawa da ya sa don burge 'yan mata, ya cika tsakar gidan. Ya ɗaga da sauri, kansa a ƙasa.

"Salamu alaikum," ya ce. "Ƙungiyar Zumuncin 'Yan Maamobi. Waris ne."

Mma ta miƙa hannu, Ruhaina ta ɗora mata wayar a kunne. Tsohuwar ta gyara mayafi, ta miƙe zaune sosai. Yana jin numfashinta ta waya da ta iska. Abin da ta yi ta gudu kenan tun farko, ta faɗa da bakinta a gaban wani, kuma shi ya jawo mata.

"Awabu ce, ungozoma," ta ce. "Idona ne, ɗana. Ina neman taimako."

Waris ya riƙe wayar da hannu biyu. "Ina jin ki, Mma," ya ce. "Faɗi, ina rubutawa."