Furen Duman Rafi

Malam Sha'aban dillalin tumaki ne a Daura, ya daɗe yana cin kasuwar Mai'adua kafin idonsa ya fara dushewa. Likita bai ɓoye masa ba: na hagu ya riga ya tafi, na daman ma yana bin sa, magani sai dai ya rage masa sauri. Da ya dawo gida, bayan la'asar, sai ya kira 'yarsa Siddiƙa, wadda ke koyarwa a firamare.

"Asabar ba ki da makaranta. Ki raka ni rafin ƙauyenmu. Yanzu ne yake fure."

"Baba, da ƙafa za mu bi shi?"

"To da me? Ƙafar tawa lafiyarta ƙalau."

Ranar Asabar da hantsi mota ta sauke su bayan Zango, masu babur suka ƙarasa da su bakin gonaki. Ƙarshen damina ne, gero ya fi mutum tsawo. Siddiƙa ta rataya jaka mai ɗauke da gorar ruwa, ƙwallon fura da dafaffiyar gyaɗa. Rafin daga wani dutse yake gangarowa, ruwansa iya idon sawu, yana bin yashi da tsakuwa. Suka bi gaɓarsa suka nufi sama, uban yana dafe da kafaɗarta.

Tafasa ta cika gefen hanya da fure rawaya. Malam Sha'aban yakan tsaya ya tsinko ɗaya, ya kai shi dab da idon dama, ya juya shi a rana.

"Wannan na gan shi. Wancan jan da ke kaɗawa fa?"

"Kyasuwa ce, Baba."

"Na ɗauka wani ne ya shanya zane."

Ya yi dariya, ita kuwa ta kasa.

Wajen azahar suka kai gindin dutsen. Nan rafin ya matse tsakanin fa biyu, wato falalen dutse, a tsallake kuma duman rafi ya malale ƙasa, furensa shunayya kamar an shimfiɗa. Suka cire takalma suka haye. Malam Sha'aban ya durƙusa a tsakiyar furen ya daɗe yana dubawa, yana matso da fuska kamar mai karatun ƙananan baƙaƙe. Ya ce nan suke kiwo suna yara, kuma kullum aikinsu korar awaki daga wannan ganye, don idan suka ci yakan sa su jiri.

"Lokacin haushinsa nake ji," in ji shi. "Ban taɓa tsayawa na kalle shi ba."

Suka yi alwala a rafin suka yi sallah a kan fa. Siddiƙa na dama fura sai suka ji wani gurnani daga bayan dutsen. Sama a kansu tas take, amma can arewa hadari ya yi baƙi.

"An yi ruwa can saman rafin, ga shi nan tafe," Malam Sha'aban ya ce. "Kwashe kayan, mu hau."

Ta kama hannunsa tana faɗa masa inda zai sa ƙafa. Sau ɗaya ya zame ya ƙuje gwiwa. Suna kaiwa wani tudun fa, ruwan ya iso, ja wur, ɗauke da karare da reshen bagaruwa. Ya shafe wurin da suka zauna, ya shafe furen, ya tafi da takalmin Siddiƙa guda.

Babu hanyar komawa, sai suka zauna suka sha furar. Ta yage gefen ɗankwalinta ta ɗaure masa gwiwar. Tana ɗaurewa hawaye suka zubo mata, ya ji su a ƙafarsa.

"Takalmin kike wa kuka?"

"Ka sani, Baba."

"Na sani. To saurara. Ba na son gidan nan ya koma zaman makoki ina raye. Abin da nake buƙata a gare ku, idan na tambaya, a faɗa mini abin da ke gabana daidai, kar a rage don tausayi. Yanzu me ke gabana?"

Ta share fuska ta duba.

"Ruwa ne ja. Ya kai rabin wancan fa. Furen duk ya nutse. Akwai belbelu a kan wani gawo a tsallake."

"Yawwa. Haka nake so."

Sai bayan la'asar ruwan ya janye zuwa gwiwa. Wani makiyayi, Dabo, ya biyo da shanunsa, ya miƙa musu sandarsa suka haye a inda rafin ya fi faɗi. Siddiƙa ta taka da ƙafa ɗaya ba takalmi har bakin gonaki, ƙarangiya tana sukar ta, uban yana ɗingishi a bayanta. Rana na shirin faɗuwa suka samu babur.

Da suka shiga gida, mahaifiyarta ta ga laka da jini a wandon mijinta, ta fara salati. Malam Sha'aban ya zauna a tabarma ya miƙe ƙafa.

"A bar faɗan sai gobe," ya ce. "A ba mu tuwo tukuna."