Takardar Sakin Maijidda

Ni Uwa, daga Gozaki. Ban yi boko ba, amma na san ranar da aka saki 'yata. Ranar da muka gama shukar masara ce, ƙasa na manne a ƙafata, Maijidda ta fito riƙe da waya tana kuka. Mijinta Zaharaddeen, mai shagon kwamfuta a Funtua, ko biro bai iya ɗauka ba, sai ya buga sakin a na'ura ya turo. Saki ɗaya.

Ta yi iddarta a ɗakina. Ta gama, ta yi ƙiba, ta fara dariya. Muna karyar masara sai ga kawunsa a kan babur, wai Zaharaddeen ya mayar da matarsa.

Na ce, "Wace matar? Idda ta cika tun yaushe."

Ya ce, "Haba Hajiya, wancan ai yaji ta yi. Sakin gaskiya yau kwanansa ashirin ke nan. Ga takarda."

Maijidda ta ce ita ko a ɗaure ba za ta koma ba. Wayarta kuwa ta faɗa rijiya tun tsakiyar damina, memori, ɗan katin cikinta mai ɗauke da takardar sakin, kawai aka tsira da shi. Na ƙulle shi a haɓar zane na hau mota zuwa Malumfashi, shagon wani Awaisu mai buga takardu. Ya fitar da takardar, na ce karanta mini kwanan wata. Ya karanto kwanan ranar da nake tsaye a gabansa.

Na ce, "Kai, nawa ya ba ka?"

"Wa, Inna?"

"Ɗan'uwanka mai shago. Duk bakinku ɗaya."

Ya yi ta rantsuwa, wai akwai abin da ake sa wa takarda, duk ranar da aka buɗe ta sai ta ɗauki kwanan ranar da kanta. Na ce takarda ba ta da hannu. Na karɓe abata na fito.

Bayan kwana biyu na koma, na shiga wani shagon can nesa da nasa, ban faɗa wa kowa ba. Kwanan ya sauya. Ranar Litinin na tafi har Dandume inda babu wanda ya san ni, wata yarinya mai hijabi ta buga. Ya sauya kuma! Na dawo ina kallon kowa a mota. Har memorin na daina kwana da shi a ɗaki, na kai shi rumbu, don ban sani ba ko daga Funtua Zaharaddeen yake miƙo hannu ciki.

Aka zauna a zauren Malam Sanda, limaminmu. Na san ba a ɗaga ido a kalli suruki. Ni na kalla. Zaharaddeen ya zo da farar shadda yana ƙamshin turare, ya ajiye takardarsa a kan tabarma.

Ya ce, "Allah gafarta Malam, ba a shari'a da shukar masara. Kwanan da ke kan takarda shi ne hujja."

Na ce, "Sake faɗa, kunnena ya yi nauyi."

Ya sake, har da ɗaga murya.

Na kwance ƙullina, na jera takarduna guda uku a gaban Malam. Na ce, "Malam, duba mini. Sunansa ne a ƙasa?"

"Nasa ne."

"Kwanan ɗaya ne?"

Ya gyara tabarau. "Daban-daban ne. Laraba, Juma'a, Litinin."

"To tunda kwana ne hujja, Laraba ya saki, Juma'a ya saki, Litinin ya saki. Ga nasa na huɗu, kyauta. Nawa ke nan?"

Kawun ya cire hula ya mayar.

Zaharaddeen ya zaburo. "Wallahi sau ɗaya na sake ta! Ai na'ura ce ke sa kwanan ranar da aka buɗe!"

Malam Sanda ya ɗaga takardar da Zaharaddeen ya kawo. "Har da wannan?"

Sai Malam ya jawo Alƙur'ani.

"Zaharaddeen, ga Alƙur'ani nan. Yaushe ka rubuta?"

Ya kalli tabarma ya ce, "Farkon damina."

Malam ya ce idda ta cika, babu batun mayar da ita. In yana so sai da sabon aure, kuma sai Maijidda ta yarda. Daga bayan zana ta ce, "Ban yarda ba."

Ban tashi ba sai da Malam ya rubuta wata takardar da biro, ya sa kwanan gaskiya, shaidu biyu suka sa hannu. Tana ƙasan akwatina a cikin leda. Duk Juma'a nakan ciro ta in kai masa bayan masallaci ya karanta mini kwanan. Yana dariya, wai tawada ba ta motsi. Ni dai na ce ya karanta.