Abin da Wuta ta Gani a Gonar Iliyasu

Gonar Iliyasu da ta ƙaninsa Mati guda ɗaya ce a da, gadon ubansu, a wani ƙauye arewa da Ɗambatta. Layin gamba ne kawai ya raba su. Amma shekara uku ke nan masarar Mati tana ɓoye mutum, ta Iliyasu kuwa ta tsaya iya gwiwa, ganyenta duk ratsin fari. A shekarun nan da buhun taki ya gagari talaka, Iliyasu ya sayar da tumakinsa ya sayo ya zuba, bai ga komai ba. Shi ko Mati, toka da shara kawai yake ɗaukowa a jaki daga bolar gari.

Iliyasu kuwa in ya ƙulla abu a ransa, sai Allah. Ya yanke cewa Mati ne ya binne masa wani abu a gona. Ya faɗa a gida, ya faɗa a kasuwa, ya faɗa a ƙofar masallaci gaban jama'a. Gaisuwa ta mutu a tsakaninsu, matansu ma suka daina aron turmi.

Abin ya ishi Asama'u, 'yar ƙanwarsu da ke aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje a Kano. Da ta zo gida ta ɗebi ƙasar gonakin biyu, ta ce wa Iliyasu ya same ta bayan mako guda, akwai injin da ke bayyana abin da ke cikin ƙasa. Shi dai abin da ya ji shi ne za a tona asirin Mati. Ranar har babbar riga ya sa.

Ya tarar da ɗaki mai sanyi, da 'yan kwalabe jere, cike da ruwa garau.

"Ina ƙasar tawa?"

"Ga ta nan, Kawu. Mun shanya, mun tankaɗe, mun jiƙa da magani, muka tace."

Ta kunna wani farin inji mai girman akwatin lefe, ta ce ya leƙa ta wata 'yar taga mai duhun gilashi. Ya leƙa. Wuta ce a tsaye, ba ta kai ɗan yatsa tsawo ba. Babu itace, babu hayaƙi, ko motsi ba ta yi. Shekara sittin yana ganin wuta, bai taɓa ganin wadda ba ta rawa ba.

"Ta fi fuskar rana zafi," in ji Asama'u. "Wannan siririyar robar tana zuƙar ruwan, a fesa shi cikin wutar. Kowane sinadari in ya shiga, sai ya fitar da haskensa, kuma babu biyun da haskensu ya zo ɗaya. Injin ya karanta hasken, ya faɗi sunan abu da yawansa. Ko ƙwayar gero ɗaya ce a cikin rumbun dawa, zai gan ta."

Iliyasu ya sake leƙa wutar. Ashe ƙasar da yake takawa tun yana yaro, kowane abu a cikinta da haskensa Allah ya halicce shi, yana jiran a tambaye shi. Ya tuna ranar hisabi, tsoro ya kama shi, ya yi ta salati a hankali. Ya ma manta da abin da ya kawo shi.

Asama'u ta nuna masa allon kwamfuta. "Duk abin da na auna, taka da ta Kawu Mati kusan ɗaya suke, ban da abu guda. Ka ga wannan layin da ya miƙe? Nasa ne. Ga naka, da ƙyar ya ɗaga. Zinki ake ce masa, dangin abin da ake shafa wa kwanon rufi. Shuka tana bukatarsa kaɗan, amma in babu, ba ta girma. Tokar Kawu Mati da shararsa suna mayar masa da shi, takin da ka saya kuwa babu shi a ciki."

"To, abin da aka zuba mini fa?"

"Ban ga an ƙara maka komai ba, Kawu. Rasawa ka yi. Kwano biyu na garinsa ya ishi gonar duka."

Kwano biyu! Iliyasu ya zauna a kujera ba tare da an ce ya zauna ba. Kunya ta rufe shi, har ya kasa duban yarinyar.

A gaban jama'a ya yi ƙazafin, don haka a gabansu ya ga ya kamata ya janye. Washegari bayan la'asar ya miƙe a ƙofar masallaci, ya ba da labarin wutar nan, mutane suna ta kabbara. Sannan ya juya ga ƙaninsa ya ce, "Mati, na zalunce ka. Ka yafe mini."

Mati ya ɗago ya dube shi.

"Na yafe, Yaya," ya ce. "Amma ni da muka sha nono ɗaya, sau uku ina rantse maka da Allah, ba ka yarda ba. Ita wutar, sau ɗaya ta faɗa maka."