Dunduniyar Hagu

…kuma rigar ma ba ta yi mini ba, Mai Walda. Hannunta ya wuce yatsuna, sai na naɗe. Da kana raye da ka yi dariya har ka ƙware. Ni, mai gyaran takalma, da kaki da kulki da usur a wuya. Mai gadin kamfani.

Gadin me? Layin shagunanmu, da suka saye suka zagaye da kwano za su rushe. Ga inda nake ajiye akwatina, tabon gam yana nan a siminti. Ga ƙofarka, da kwaɗon kamfani a jiki. Rana tsaka, ba kowa, amma sai in ji ƙarar injinka, in juya… ƙadangare ne a kan kwano.

Ranar ɗaukar aiki, tsakar ofishin cike da tsofaffin sojoji da 'yan sanda, ƙirji kamar ƙofa. Ka taɓa aikin soja? A'a. Ɗan sanda? A'a. Za ka iya gudu? Na ce gwiwa ta hana. Kofur, wanda ke kula da mu, ko ɗago kai bai yi ba. A ina ka yi aiki, Baba? Na faɗa masa sunan layin. Sai ya ɗago. Tun yaushe? Tun kafin a haife ka. Ya ce in zo gobe. Aka bar masu ƙirji aka ɗauke ni. Na koma gida na ce wa uwar yara Allah ya dube mu. Ta ce ka ga amfanin furfura.

Furfura…

Ga wayar Kofur a hannuna. Ya ba ni ya tafi mota ɗauko ruwa. "Duba da kyau, Baba, ba sauri. Jiya wasu sun ɓalle kwano ta baya, sun fitar da inji daga wani shago. Kyamara ta ɗauke su, amma sun rufe fuska. Kai ka san mutanen nan."

Sun rufe fuska. Yara! Ni yaushe na taɓa kallon fuska? Kaina a sunkuye na ƙare rayuwata. Ƙafa nake gani kafin sallama ta iso.

Na gaban nan — yana jan hagu kaɗan, kamar wanda ya taka ƙaya, dunduniyar tana cin gefen waje. Tafiyarka ce. Haka kake cinye takalmi, kullum hagu, ina yi maka faci ina tsiya, kai da kaguwa uwarku ɗaya? Kana cewa yi aikinka, mai sansanar ƙafar mutane. Babban ɗanka ya gaje ka. Ga facin farar roba a dunduniyar, ni na sa shi, baƙa ta ƙare mini ranar. Ya ce Kawu, wannan ai daga nesa za a hango ni. Muka yi dariya.

Injinka ne suka ɗauka. Injin ubansa. Sata ce wannan? Ya sha zuwa bakin ƙofar nan, Kawu ka bar ni in shiga, ɗauka kawai zan yi in fita. Na ce ba ni da iko, je ofis. Ofis suka ce duk abin da kwano ya zagaye na kamfani ne. Ya dawo ya tsaya yana kallon rigata. Matarsa ga tsohon ciki.

In na ce ban sani ba? Kofur ba ya faɗa. Zai karɓi rigar ya ninke, shi ke nan. Ido ya yi rauni, zare ba ya shiga allura, wa zai ƙara ɗaukar tsoho? Tun da na fara aikin nan uwar yara take barci har da minshari. In na faɗa kuwa — ankwa, bayan mota, ɗanka a tsugune…

A asibiti na riƙe hannunka, ba ka ce mini komai ba. Ko ga amanar yara ba ka ce ba. Da ka faɗa, da na san amanar da nake ci. Ka yi shiru ka bar ni da shi.

Kulkin nan ban taɓa ɗaga shi ba. Usur ɗin ban taɓa busawa ba. Ba wanda ya koya mini, ba wanda ya damu ya koya mini. Me ya sa ban tambaya ba? Ashe ba ƙofa aka ɗauke ni in tsare ba, Mai Walda. Idona suka ɗauka haya. Duk shekarun da na yi a durƙushe gaban ƙafafunku, su aka sa wa kaki.

Ga Kofur nan tafe. Takun ƙafarsa a kan tsakuwa. Zan ce hoton bai fito ba. Zan ce tsufa. Zan ce…

Hoton ya tsaya. Yaushe? Babban yatsana ne a kan gilashin, ya danne, ban sani ba. Ya tsaya cak a kan farin facin, ƙafar a ɗage. Ina dannawa, ya ƙi tafiya. Ban san yadda ake sa shi ya ci gaba ba. Wa ya taɓa nuna mini?

Inuwarsa ta rufe hannuna. Yana kallon wayar. Yana kallona.

"A nan ka tsayar, Baba."

Bari in zauna tukuna. Bari dai in zauna.